Binciken RNA a Maiduguri: Saƙon da ba ya jure zafi, da abin da ake kashewa kafin a karanta shi

MAIDUGURI: A cikin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri akwai wani ɗakin gwaje-gwaje wanda yawancin masu zuwa dubiya ba su san da zamansa ba. Shi ne ɗaya daga cikin ɗakuna 2 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da su a Nijeriya domin binciken ƙwayar cutar shan inna, ɗayan kuwa yana Ibadan. Farfesa Marycelin Baba, masaniyar ƙwayoyin cuta ta Jami'ar Maiduguri, ta shafe shekaru masu yawa tana jagorantarsa. Idan ƙafa ko hannun yaro ya shanye farat ɗaya a jihohin da ɗakin ke kula da su, akan ɗebi bayan gidansa sau 2, da tazarar aƙalla awa 24 a tsakani, a sa a akwatin ƙanƙara a kawo nan. Abin da ake farauta a ciki wani siririn zare ne da masana ke kira RNA.

Mai karatu na iya tambayar abin da ya haɗa ɗan kasuwa da wannan zance. Amsar tana cikin lissafi. A shekarar 1990 da ƙyar za a sami bankin da zai ba da rance a kan RNA. A shekarar 2021 kaɗai, kamfanin Pfizer na Amurka ya yi cinikin sama da dala miliyan dubu 36 daga allurar rigakafin korona, wadda asalinta zaren RNA ne da aka naɗe cikin ɗigon kitse. Kamfanin Moderna, wanda kafin annobar bai taɓa kai ko magani ɗaya kasuwa ba, ya sami kimanin dala miliyan dubu 18 a wannan shekara. Wannan dukiya ta fito ne daga shekaru 60 na aikin ɗakunan gwaje-gwaje, kuma wani yanki na labarin ya ratsa ta jihar Borno.

Kundi da takardar oda

Jikin mutum, da na akuya, da na karan gero, duk an gina su ne da ƙananan ƙwayoyin halitta. A tsakiyar kowace ƙwaya akwai kundin gado, wato DNA, wanda ke ɗauke da bayanin yadda za a haɗa kowane irin furotin da jiki ke bukata. Kundin ba ya fita daga ma'ajiyarsa. Idan ana son wani furotin, sai a kwafi shafin da ya dace a kan zaren RNA, a aika da shi wurin wasu ƙananan injina da ake kira ribosom, su karanta su haɗa kayan. Wannan kwafi shi ne RNA ɗan aike, wanda Sydney Brenner da François Jacob da Matthew Meselson suka tabbatar da samuwarsa a shekarar 1961. Duk wanda ya taɓa riƙe masana'anta zai gane shi da takardar oda, wadda ake aikawa daga ofis zuwa wurin injina.

To, kundin da ke cikin ƙwayar hanta shi ne dai ke cikin ƙwayar ido. Abin da ya bambanta su shi ne wace oda aka rubuta, kwafi nawa aka yi, tsawon wane lokaci takardar za ta yi kafin a yage ta, da kuma ko injinan sun karɓe ta ko sun ajiye ta gefe. A jikin bakteriya ɗan aike kan rayu mintoci ƙalilan ne kawai, a jikin mutum kuwa yakan kai awoyi. Sarrafa waɗannan matakai shi ne abin da masu bincike ke ƙoƙarin ganewa, domin cututtuka da dama, har da wasu nau'o'in kansa, suna tasowa ne idan lissafin odar ya rikice.

Yadda ake ƙirga shi

Hanya ta farko da ta karɓu an fito da ita ne a Jami'ar Stanford a shekarar 1977. Akan tatso RNA daga tsoka ko ganye, a ja shi da lantarki ta cikin wani abu mai kama da kamu domin gajere ya rabu da dogo, a manna a kan takarda ta musamman, sa'an nan a nemo wanda ake so da wani guntun zare mai alama da ba ya kama kowa sai abokin daidaitonsa. Masanan sun yi wa hanyar laƙabi da "ta arewa" don raha, saboda wadda ta gabace ta, ta binciken DNA, wani Bature mai suna Edwin Southern ne ya ƙirƙiro ta, sunansa kuwa yana nufin na kudu. Ba ta da wata dangantaka da Arewarmu.

Hanyar tana cin kwanaki, tana kuma bukatar samfuri mai yawa. Abin da ya sauya kasuwar gwaji baki ɗaya shi ne haɗuwar abubuwa 2. A 1970 Howard Temin da David Baltimore suka gano wani sinadari a jikin wasu ƙwayoyin cuta wanda ke mayar da RNA zuwa DNA. A 1983 kuma Kary Mullis, ma'aikacin kamfanin Cetus, ya tsara hanyar PCR, wadda ke ninka guntun DNA sau bayan sau ta hanyar ɗumamawa da sanyayawa. Kowane zagaye yana ninka adadin gida 2, saboda haka zagaye 30 na iya mayar da kwafi ɗaya ya zarce miliyan dubu. Wanda ya san kuɗin ruwa mai hawa kan kansa zai gane wannan lissafi nan take. Injinan yanzu suna auna hasken da samfurin ke fitarwa a kowane zagaye: wanda ya fara haske da wuri, shi ne ya taho da RNA mai yawa. Kamfanin Roche ya sayi haƙƙin mallakar PCR a 1991 a kan dala miliyan 300. Wannan gwaji ne aka yi wa matafiya lokacin korona, shi ne kuma ake amfani da shi a Maiduguri wajen rarrabe nau'o'in shan inna.

Ƙirga kwafi kaɗai ba ya wadatarwa. Idan ana son sanin tsawon rayuwar ɗan aike, akan ba ƙwayoyin wani magani da ke tsayar da rubuta sababbin kwafi, sai a riƙa ɗibar samfuri lokaci bayan lokaci ana duba abin da ya rage, kamar dai mai shago ya dakatar da saro kaya yana ƙirga kanta kowace awa don ya san abin da ke saurin ƙarewa. Idan kuma ana zargin wani sashe na zaren da hannu a cikin sarrafawar, akan yanko shi a liƙa wa bayanin wani furotin mai haske, irin wanda ke sa ƙwaron nan mai walƙiya da dare ya haskaka, a duba ko hasken ya ƙaru ko ya ragu. Daga 2008 injinan karanta gado suka ba da damar ƙirga dukkan 'yan aiken da ke cikin samfuri a tashi ɗaya. A 2009 wasu masana a Jami'ar Kalifoniya da ke San Faransisko suka ƙara da dabarar narkar da duk RNA in ban da guntayen da ribosom ke zaune a kai, wanda hakan ke nuna odar da ake aiki da ita a daidai wannan lokaci.

Babbar nasara a wannan fage ta fito ne daga wata tsutsa wadda tsawonta bai wuce milimita 1 ba. A jikinta ne Victor Ambros da Gary Ruvkun suka gano a 1993 cewa akwai wasu gajerun RNA da aikinsu shi ne su manne wa ɗan aike su hana a karanta shi. An ba su kyautar Nobel a 2024, bayan shekaru 31. A jikin wannan tsutsa ne har ila yau Andrew Fire da Craig Mello suka nuna a 1998 yadda za a rufe bakin duk ɗan aiken da aka ga dama. Magani na farko da aka gina kan wannan bai sami amincewar hukuma ba sai a 2018. Wannan ita ce irin tazarar da ke tsakanin zuba jari da cin riba a wannan sana'a.

Harafi ɗaya a Borno

A koma kan shan inna, domin a nan ne ilimin ya taɓa mu kai tsaye. Ƙwayar wannan cuta ba ta da DNA ko kaɗan. Gadonta zaren RNA ne mai haruffa kimanin 7,500, wanda da zarar ya shiga ƙwayar halittar mutum sai ya yi shigar ɗan aike. Yana kuma yin abin da 'yan kasuwa za su kira mamaye kasuwa. 'Yan aiken jikin mutum suna ɗauke da wata alama a goshinsu wadda ribosom ke dubawa kafin ya karɓe su. Ƙwayar cutar takan fitar da sinadarin da ke datse ɗaya daga cikin furotin masu duba wannan alama, sai odar mai gida ta tsaya cak. Nata saƙon kuwa ba ya bukatar alamar. A 1988 Jerry Pelletier da Nahum Sonenberg na Jami'ar McGill a Kanada suka gano dalili. Sun jera saƙo 2 a kan zare ɗaya, suka sa farkon zaren shan inna a tsakaninsu, sai suka ga ana karanta saƙo na biyu ko da an toshe na farko. Ashe haruffa sama da 700 na farkon zaren suna naɗe kansu su zama wata ƙofa da ribosom ke shiga ta ciki.

Ɗigon rigakafin da Albert Sabin ya samar, wanda ake ɗiga wa yaranmu a baki gida gida, rayayyar ƙwayar cutar ce aka raunana. Bincike ya nuna cewa babban ɓangare na raunin yana cikin wannan ƙofa: harafi ɗaya ne ya sauya, a matsayi na 480 a nau'i na 1, na 481 a nau'i na 2, na 472 a nau'i na 3. Sauyin ya sa ƙwayar tana iya hayayyafa a hanji ta ba yaro kariya, amma ta kasa yin ƙarfi a jijiyoyi. Matsalar ita ce harafin na iya komawa yadda yake tun asali. A garin da kusan kowane yaro ya sami rigakafi, ƙwayar ba ta samun wurin zuwa. A inda aka bar yara da yawa babu kariya, takan yi ta yawo daga wannan zuwa wancan har ta dawo da ƙarfinta.

Tarihin Borno ya nuna fuskoki biyu na lamarin. A watan Agustan 2016, bayan shekara 2 ba a ga shan inna na asali a Nijeriya ba, aka sami yaran da suka shanye a ƙananan hukumomin Gwoza da Jere, daga baya kuma a Monguno. Karanta haruffan ƙwayar, aikin da a lokacin akan aika da shi Atlanta a Amurka, ya nuna cewa danginta ne da wadda aka gani a Borno a 2011, wato ta yi shekaru tana yawo a yankunan da rikici ya hana ma'aikatan lafiya shiga. Su ne na ƙarshe a nahiyar kafin ranar 25 ga Agusta, 2020, lokacin da aka ayyana yankin Afirka a matsayin wanda ya rabu da shan inna na asali. Amma a 2021 sama da yara 400 suka shanye a Nijeriya saboda nau'i na 2 wanda ya samo asali daga rigakafi.

Maganin da aka kawo ya fito ne daga ilimin wancan harafi. Masana sun sake tsara wannan sashe na ƙofar ta yadda sauyin harafi ɗaya ba zai isa ya dawo da ƙarfin ƙwayar ba. Kamfanin Bio Farma na Indunisiya ya haɗa sabon ɗigon, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da izinin gaggawa a Nuwamban 2020, kuma a Nijeriya aka fara amfani da shi a watan Maris na 2021. Abin lura ga mai karanta wannan shafi shi ne, kamfanin da ya ci wannan kasuwa mallakar gwamnatin wata ƙasa mai tasowa ne. Namu ɗakin haɗa rigakafi na Yaba a Legas ya daina aiki tun 1991.

Kuɗin sanyi

Babban abin da ke tsadar da aikin RNA shi ne rashin juriyarsa. Akwai wani sinadari mai narkar da shi wanda ke kan fatar hannu, da cikin gumi, da ƙura, kuma tafasawa ba ta kashe shi gaba ɗaya. Saboda haka kusan duk abin da ya taɓa samfurin, daga safar hannu zuwa ƙananan bututun roba, sau ɗaya ake amfani da shi a jefar. Samfurin kansa akan ajiye shi a firiza mai sanyin digiri 80 ƙasa da sifiri, ko a cikin ruwan naitirojin mai digiri 196 ƙasa da sifiri. Wannan a garin da zafin watan Afrilu ke haura digiri 40. Firizar ba ta san hutu ba, kuma ɗakin da take ciki ma sai an sanyaya shi.

A watan Janairun 2021 'yan tada ƙayar baya suka tarwatsa turakun babban layin lantarki na Damaturu zuwa Maiduguri. An gyara a watan Maris, bayan kwanaki kaɗan aka sake fasa su, birnin ya yi watanni masu yawa a kan janareto. Tashar gaggawa mai megawat 50 da kamfanin NNPC ya gina an buɗe ta ne a Maris na 2023. Ga mai sayar da lemo, ɗaukewar wuta asarar cinikin yini ce. Ga mai bincike, dare ɗaya babu dizal na iya cinye samfurorin da aka yi shekaru ana tarawa, wasunsu daga ƙauyukan da ba za a iya komawa ba.

Sai kuɗin musaya. Injinan, da sinadaran gwaji, da kayan gyara, kusan duka daga waje ake shigo da su da dala. Kafin watan Yunin 2023 dala tana kusan naira 460 a farashin hukuma. A Fabrairun 2024 ta haura naira 1,500. Kasafin da aka amince da shi da naira ya koma ba ya sayen ko sulusin kayan da aka tsara. A Yunin 2024 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu kan umarnin cire harajin kwastan da na VAT na shekara 2 a kan wasu injina da kayan haɗa magunguna, ciki har da sinadaran gwaji, sai dai an tsara shi ne domin masana'antun cikin gida. Kayan kuma idan sun sauka Legas, da sauran tafiyar sama da kilomita 1,500, a cikin busasshiyar ƙanƙara wadda ke bin iska kullum ko an buɗe akwatin ko ba a buɗe ba.

A kan wannan duka sai ga ambaliyar ranar 10 ga Satumba, 2024, lokacin da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, shekaru 30 bayan ambaliyar 1994. Ruwan ya shiga asibitin koyarwa, ya lalata injina masu tsada a sashen kansa da na ɗaukar hoto da ɗakunan gwaje-gwaje, har aka dakatar da ayyuka na wani lokaci.

Alkama da gero

Amfanin waɗannan hanyoyi bai tsaya a asibiti ba. A Maiduguri ne Cibiyar Binciken Tafkin Chadi take, wadda aka kafa a 1975, kuma ita ke da alhakin inganta irin alkama da gero da sha'ir a ƙasar nan. Nijeriya na shigo da sama da tan miliyan 4 na alkama a shekara, alhali binciken Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na 2021 ya sa abin da ake nomawa a gida ƙasa da tan 40,000. Babban abokin gabar alkama a nan shi ne zafi. Idan an makara da shuka, sanyin hunturu ya wuce kafin ƙwaya ta cika, amfanin kan faɗi.

Tun 1962 wani masani ɗan Italiya, Ferruccio Ritossa, ya lura cewa zafi na tayar da wasu sassan kundin gado a jikin ƙudan 'ya'yan itace. Daga baya aka gano haka a tsirrai: cikin mintoci tsiro kan ajiye odarsa ta yau da kullum gefe, ya shiga fitar da 'yan aiken wasu furotin masu kare sauran daga lalacewa. Auna wannan da PCR na iya taimaka wa mai inganta iri ya gane dalilin da ya sa wani iri ke jurewa wani ke gazawa. Gero, wanda ke yin fure a zafin da ya haura digiri 40, an kammala karanta kundin gadonsa a 2017 ƙarƙashin jagorancin cibiyar ICRISAT. Duk da haka, a ganina gonar gwaji ita ce alƙali. Tumatirin Flavr Savr, wanda kamfanin Calgene ya kai kasuwar Amurka a 1994 bayan ya rufe bakin ɗan aiken da ke sa tumatir laushi, ya yi aiki a ɗakin bincike, amma tsadar noma da jigila suka fitar da shi daga kasuwa a 1997.

Ina ƙofar ɗan kasuwa?

Ana yawan zancen kafa masana'antar rigakafin RNA. A Fabrairun 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa Nijeriya cikin ƙasashen Afirka 6 da za su karɓi fasahar daga cibiyar da aka kafa a Kef Tawun, ta hannun kamfanin Biovaccines, haɗin gwiwar gwamnatin tarayya da May & Baker. A Disamban 2023 BioNTech ya ƙaddamar da ginin masana'antarsa a Kigali. Amma a Afrilun 2024 Moderna ya jingine shirinsa na Kenya saboda faɗuwar oda, a Agustan 2025 kuma gwamnatin Amurka ta soke ayyukan rigakafin RNA na kusan dala miliyan 500. Wannan fage ne na masu jarin da zai iya jiran shekara 10 babu riba, kuma mai saye ɗaya ko biyu ke yanke farashi.

Abin da ya fi kusa da ƙarfin ɗan kasuwar Arewa maso Gabas shi ne hidimar da ɗakunan ke saye kowane wata. Masu sayen suna ƙaruwa: asibitin koyarwa, da tsangayar likitancin dabbobi ta jami'ar, da cibiyar tafkin Chadi, da cibiyar bincike ta BioRTC da aka buɗe a Jami'ar Jihar Yobe a Damaturu a 2021 ƙarƙashin Dokta Mahmoud Bukar Maina. Suna bukatar lantarkin hasken rana mai batirin da zai riƙe firiza har gari ya waye, da mai jigilar kaya cikin sanyi wanda zai iya nuna rubutaccen awon sanyin tun daga filin jirgi, da ma'ajiyar kayan roba da sinadarai a kusa, da injiniyan da ya koyi gyaran injin PCR da firiza mai zurfin sanyi. Hatsarin a bayyane yake: mafi yawan masu sayen hukumomin gwamnati ne ko ayyukan tallafi, biyan kuɗi kan yi jinkiri, sinadarai kuma suna da wa'adin lalacewa. Wanda ya saro su da dala ya sayar bashi da naira, yana iya cinye uwar kuɗinsa a kwangila ɗaya. Hanyar kauce wa wannan ita ce yarjejeniyar shekara wadda ta ɗaure farashi da canjin ranar biya, da haɗa odar ɗakuna da yawa a jigila ɗaya, domin kuɗin ƙanƙara da na jirgi kusan ɗaya ne ko akwatin ya cika ko bai cika ba.